Aska Takwas Ta Waye? Tarihin Zane da Haƙƙin Mallaka

A shagunan teloli na Unguwar Kanawa, kamar sauran unguwannin Kaduna, mai ɗinki kan sayi zanen aikin wuya, a tura masa ta waya, injin kwamfuta ya zuba shi a kan shadda ashirin. Da wuya ya tambayi kansa: shin kuɗin da na biya na zanen ne kawai, ko har da izinin sayar da duk rigar da ta ɗauke shi?

Sayen zane ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Kano da Zariya, aikin babbar riga ya daɗe a rarrabe. Mai zane, wanda sau da yawa malami ne da hannunsa ya saba da alƙalami da tawada, shi ke zana aska biyu ko aska takwas a jikin ƙyalle, a biya shi ladansa. Sai mai ɗinki ya bi layin da allura, dillali ya kai kasuwa. David Heathcote, wanda ya nazarci wannan sana'a a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970, ya rubuta a kan irin waɗannan masu zane. Ba a neman izini a lokacin, domin lada na ƙwarewar hannu ne. Siffar kanta gado ce ta kowa.

Ra'ayin cewa zane dukiyar mutum ɗaya ce ya taso ne daga masana'anta. A 1787 Ingila ta yi dokar da ta bai wa masu buga zane a kan yadi kariyar wata biyu kacal, saboda kwaikwayo ya yi sauƙi. Kaduna ta ɗanɗani wannan matsala da kanta. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964. Daga baya atamfofi masu araha daga Sin, ɗauke da zanen da aka kwafa, suka cika kasuwanni irin Kantin Kwari. Wannan, haɗe da ƙarancin wutar lantarki da fasa-ƙwauri, ya taimaka wajen durƙusar da masaƙun Kakuri.

Dokar Najeriya a yau ta raba zane gida uku. Sabon zanen da mutum ya ƙirƙira a matsayin aikin fasaha yana ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023, kuma kariyarsa na kaiwa shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Zanen da aka yi don masana'anta kuwa sai an yi masa rajista bisa dokar 1970, ya samu shekara 5, a iya sabuntawa sau biyu. Na uku shi ne kayan al'ada, har da tufafi da saƙar gargajiya, waɗanda aka damƙa kulawarsu ga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya.

Saboda haka babu wanda zai ce aska takwas tasa ce. Amma matashin da ya kwana yana tsara sabon aikin wuya a kwamfuta yana da haƙƙi, kuma sayen kwafi ɗaya a hannunsa bai mayar da haƙƙin ga mai saye ba. Mallakar ba ta sauya hannu sai da rubutacciyar yarjejeniya.

Al'adar da ta saba ɗaukar zane a matsayin na kowa ita ce ke cutar masu zanenmu na yau, kamar yadda kwafi ya cuci masaƙun jiya. Maganin ba shi da tsada: ranar ciniki a fayyace riga nawa za a ɗinka, ko an yarda a sayar, ko an hana tura wa wani, a rubuta ko da a saƙon waya ne.