Kukan Kunne da Rashin Jure Amo a Tsakanin Masu Injin Niƙa: Sababi da Tadbiri

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin abin da ilmin ɗibbu ya tabbatar game da kukan kunne da rashin jure amo waɗanda ƙara mai tsanani ke haddasawa, da nufin kafa hujja cewa toshe kunne wajibi ne a bakin inji, amma cutarwa ne a cikin gida.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar niƙa, inda mai inji ke sunkuye a kan mazurari tun hantsi har la'asar, gari ya rufe masa gira, ba ya fahimtar mai kawo dawa sai ta ɗaga murya ta haɗa da ishara, to ya ga asalin wannan lalura da idonsa. Ƙa'idar da hukumar NIOSH ta Amurka ta shimfiɗa a 1998 game da ƙarar wurin aiki ita ce ƙarfin sauti desibel 85 na awa 8, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana rage rabin wa'adin, har ya zamana a desibel 100 minti 15 kaɗai kunne ke ɗauka lami lafiya.

A can cikin kunne akwai gaɓa mai siffar katantanwa, ɗauke da ƙwayoyin ji kimanin 15,000, waɗanda in sun halaka ba sa sake tsirowa. Kujawa da Liberman kuwa sun nuna a jikin ɓeraye a 2009 cewa ko da ji ya komo bayan ƙara, mahaɗar waɗannan ƙwayoyi da jijiya tana iya tsinkewa har abada. Ra'ayin da ya rinjaya tsakanin masana shi ne, da zarar saƙon kunne ya raunana, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara wa kanta ƙarfin saurare, kamar mai rediyon da ya ƙure murya domin tasha ta yi nisa, ya tsinci shuuu maimakon magana. Daga nan kukan ke fitowa, daga nan kuma ƙarar kwano ko ihun jariri ke zama azaba.

Abin takaici, majinyacin da amo ke wa ciwo yakan cusa auduga dare da rana, ya ƙaurace wa jama'a, alhali gwajin Formby da abokan aikinsa na 2003 ya nuna cewa masu lafiyayyen kunne ma, bayan mako 2 da matoshi, sautin da suka saba da shi ya koma yi musu tsanani. Saboda haka tadbirin da Pawel Jastreboff ya aza harsashinsa a 1990 ya doru a kan bayani mai kwantar da hankali da sauti mai taushi, irin na fanka ko rediyo ƙasa-ƙasa lokacin kwanciya, har ƙwaƙwalwa ta daina ɗaukar kukan a matsayin hatsari. Binciken Cima da abokan aikinta a ƙasar Holan, wanda mujallar Lancet ta buga a 2012 a kan mutum 492, ya tabbatar da fa'idar haɗa wannan tadbiri da horon gyara tunani, ko da yake, a gaskiya, damuwa ce ke raguwa, kukan ba lalle ya gushe ba.

Amma idan kukan a kunne ɗaya yake, ko yana bin bugun zuciya, ko ji ya ɗauke farat ɗaya, babu halin jinkiri, sai a garzaya ga likitan kunne, kamar na Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, a kuma shaida masa in ana shan kwinin ko asfirin mai yawa, domin su ma suna sa kunne kuka.