Komi: Jirgin da Bai Taɓa Barin Bakin Rijiya Ba

A Yawuri ko Argungu, in aka ce komi, hankali na zuwa kan ɗan jirgin da masunci ke tuƙawa a kogi. A ƙauyukan Agye da Gazawa na ƙasar Nijar kuwa, inda Gulbin Kaba ya daɗe da zama kwari mai cike da goruba, komi na nan a bakin rijiya. Cikinsa makiyayi ke juye guga shanu su sha. Sunan ɗaya ne, domin aikin hannun ɗaya ne.

Masassaƙi kan sare gungumen maɗaci ko ƙirya da gatari, ya daidaita masa baya, sannan ya ɗauki gizago ya shiga rarake cikin, sara bayan sara, yana ƙwanƙwasa gefe don ya ji kaurin da ya rage. In ya zurfafa da yawa itacen ya tsage, in ya bar kauri abin ya yi nauyin da ba ya ɗaukuwa. Na kogi akan fiƙe masa kai don ya ratsa ruwa. Na rijiya ba ya buƙatar wannan kwalliya. Ɗaya ya hana ruwa shiga, ɗaya ya hana shi fita, amma gwanin da ya iya wannan ya iya wancan, kuma shi ne dai mai sassaƙa turmi da akushi.

Sana'ar ta tsufa ƙwarai. A 1987 wani Bafulatani yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da itace mai tauri a ƙarƙashin ƙasa. Da masana suka tono shi a 1994, sai ga jirgin sassaƙa mai tsawon fiye da mita 8, wanda awo ya nuna ya kai shekara 8,000. Babu jirgin da ya girme shi cikin waɗanda aka gano a Afirka, kuma abin dariyar, mai neman ruwan shanu ne ya fara taɓa shi.

Kalmar ta kuma sauka gona. Masu lambu a fadamun Gulbin Maraɗi, wanda ke bi ta Tibiri da Gidan Runji kafin ya koma Najeriya, suna kiran ɗan fangalin da aka yi wa kunya don ya riƙe ruwa komi. A nan babu itace ko kaɗan, siffar kawai aka aro.

Abokiyar zamanta, wato kalmar jirgi, ta fi ta sa'a. Da dogo ya iso Kano a 1911 aka ce jirgin ƙasa, da na sama ya sauka a birnin a 1925 aka ce jirgin sama. Komi bai samu irin wannan ƙarin girma ba.

Itacen ma ya yi wuya. Farin 1973 da na 1984 sun ci manyan itatuwa, kuma ƙiryar da ta saura ba a sare ta sai da takardar 'yan gandun daji. Manoman Agye sun dawo da itatuwa cikin gonakinsu ta hanyar rainon tohon kututture, amma gungumen da zai ba da komi sai ya shekara da yawa. Shi ya sa a rijiyoyi da dama yanzu na siminti ne, ko gangar ƙarfe da aka raba biyu, kuma makiyaya komi suke ce musu.