HARAJI DA RUWAN FAMFON KANO

'Yar'uwa, kin san da kuɗin wa aka fara jawo ruwan famfo birnin Kano?

A da can rijiyoyi da kududdufai aka dogara da su, ga kurkunu ga ciwon ciki. Sai a 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe aikin ruwa da lantarki, aka jawo ruwa daga kogin Challawa. Ba kyautar Bature ba ce, kuɗin Baitulmalin En'e ne, wato harajin talakawa da jangalin makiyaya. En'e ba ta kashe su duka, takan ware wani kaso ta adana, kamar yadda uwargida ke jefa 'yan canji a asusu saboda ɓacin rana.

Amma fa harajin nan da ɗaci. An wulaƙanta magidanta a kansa, wasu har barin gari suka yi. Shi ya sa talakawa suka yi murna da Gwamna Abubakar Rimi ya soke shi a 1979.

To sai dai gobara ba ta sallama, kuma motar kwana-kwana ba ta tashi sai da mai. In an biya kuɗin rumfa ko na shara, a karɓi rasit, a kuma tambayi me aka yi da su. Allah Ya tsare mu.