Waƙar Shagon Aski da Ƙungiyoyinta

Waƙar shagon aski, wadda Amurkawa ke kira Barbershop, salon waƙa ne na muryoyi huɗu da ake rerawa da baki kawai, ba ganga ba molo. Murya ɗaya ce ke riƙe da karin waƙar, ita ce jagora. Wata siririya na bi ta samanta, wata mai kauri na tokare ta daga ƙasa, ta huɗu kuma tana cike gurbin da ya rage a tsakani. Idan huɗun suka daidaita tsaf, kunne kan ji wani amo na biyar yana shawagi a sama wanda babu bakin da ya fitar da shi. Wannan amo shi ne abin da masu salon ke nema, da shi kuma suke gane gwani.

A ƙarni na 17 akwai al'adar ajiye kayan kiɗa a shagunan aski na Ingila domin masu jiran layi su ɗebe kewa, amma salon da aka sani yau a Amurka ya tsiro, a ƙarshen ƙarni na 19, cikin baƙaƙen fata na kudancin ƙasar. A zamanin wariya, shagon aski ne majalisar mazajensu. Nan ake hira, nan wani zai ɗauko waƙa, sauran su yi ta laluben muryarsu da kunne har ta zauna. Marubuci James Weldon Johnson ya ba da labarin 'yan huɗu na shagunan aski a garinsu Jacksonville, mawaƙi Louis Armstrong kuma ya yi irin wannan waƙa a titunan New Orleans yana yaro. Binciken da Lynn Abbott ya wallafa a 1992 ya tabbatar da wannan asali bayan an daɗe ana ɓoye shi.

Daga 1900 zuwa 1920 salon ya yi tashe. Mawaƙa fararen fata suka ɗauke shi zuwa dandali da faifan garmaho, waƙar Sweet Adeline ta 1903 ta zama abin rerawa a ko'ina. Da rediyo da kiɗan jaz suka shigo, sai kasuwarsa ta mutu.

Wani lauyan haraji na garin Tulsa a jihar Oklahoma, Owen C. Cash, shi da Rupert Hall ne suka farfaɗo da shi. Ranar 11 ga Afrilun 1938 suka tara maza 26 a saman benen Tulsa Club domin a rera tsofaffin waƙoƙi. Daga wannan zama aka kafa ƙungiyar da yau ake kira Barbershop Harmony Society, kuma a 1939 aka yi gasar farko. Sai dai ƙungiyar ta rufe ƙofa ga waɗanda suka haifi salon. A 1941 Grand Central Red Caps, baƙaƙen fata huɗu masu dakon kaya a tashar jirgin ƙasa, suka lashe gasar birnin New York, aka hana su shiga ta ƙasa baki ɗaya. Tsohon gwamnan jihar New York, Al Smith, da wani memba, Robert Moses, suka fice daga ƙungiyar saboda wannan zalunci. Ba a soke dokar wariyar ba sai 1963, kuma sai a 2017 aka karrama mutanen huɗu, bayan duk sun rasu.

Mata sun kafa tasu ƙungiyar, Sweet Adelines, a Tulsa a 1945. Rigimar launin fata ta raba ta ita ma: wasu rassa da suka ƙi yarda da wariya suka ɓalle suka kafa Harmony Incorporated a 1959. Ƙungiyar maza ta fara karɓar mata a 2018.

Tun farko burin Cash shi ne 'yan huɗu, amma ba kowa ke da ƙarfin halin riƙe murya shi kaɗai ba. Saboda haka rassa suka fara tsayar da dukan membobinsu su rera tare, kowace murya da rukuninta, ƙarƙashin mai ba da umarni da hannu. Wannan babban ayari shi ne ya zama ƙashin bayan harkar. An fara gasarsa a 1953, kuma ayari irin Vocal Majority na Dallas yakan tsayar da mutum sama da ɗari. Salon ya ƙetare teku: Birtaniya ta kafa ƙungiyarta a 1974, sannan a 2012 Ringmasters na ƙasar Suwidin suka ci kofin duniya na 'yan huɗu.

Shiga ayarin gari abu ne mai sauƙi, shi ya sa ya ɗore. Yawanci ana haɗuwa sau ɗaya a mako da yamma, a zauren coci ko na makaranta. Baƙo ya zo, a saurari muryarsa, a tsayar da shi a kan benci mai hawa-hawa kusa da wani tsohon hannu. Ba dole ne ya iya karanta rubutun kiɗa ba, domin ana ba shi sautin muryarsa da aka naɗa ya yi ta saurare a gida ko a mota har ya haddace. Akwai kuma wasu waƙoƙi goma sha biyu da ake son kowa ya iya, ta yadda baƙi huɗu daga garuruwa daban za su haɗu su rera nan take. Malami da direba da ɗan fansho duk layi ɗaya suke tsayawa.

Bayan an tashi daga bita, mutane kan tsaya huɗu-huɗu a lungu suna rera wutsiyar waƙa, wato 'yan layukan ƙarshe inda muryoyi suka fi haɗuwa. Ba takarda ake dubawa ba: wani ya rera wa sabon shiga rabonsa sau biyu ko uku, ya kama, sannan a haɗa. Ta wannan hanya ta baki da kunne aka koyi salon a shagunan Jacksonville da titunan New Orleans, kuma ita ce ta rage daga wancan zamani har yau.