Bindiga da Hukunci a Tarihin Zazzau

Ba yau aka fara muhawarar wanda ya cancanci riƙe bindiga a Birnin Zazzau ba. Sarki Yero ya kafa rundunar 'yan bindiga daga cikin bayinsa domin tsaron ƙasa. Da ya rasu a 1897, da ƙarfin wannan runduna ɗansa Kwasau ya matsa wa Wazirin Sakkwato har ya naɗa shi. Ke nan makamin tsaro ya zama mai zaɓen sarki.

Bayan Turawa sun karɓe Zariya a 1902, bindigar zamani ta koma hannun hukuma, daga baya kuma Dokar Makamai ta 1959 ta tsara sharuɗɗan lasisi. Yaƙin basasa ya watsa makamai, sai gwamnatin Gowon ta yanke a 1970 cewa hukuncin fashi da makami kisa ne. An yi ta harbe 'yan fashi a bainar jama'a, amma fashin bai ƙare ba.

Tsananin hukunci yakan zo bayan ɓarna ta auku. Rigakafin yana wajen sanin hanyar da makami ke bi ya fita daga hannun hukuma.