Akwatin da Ya Ba Jitar Lantarki Murya

A shekarar 1965 Pete Townshend, makaɗin jita na ƙungiyar The Who, ya shiga kantin Jim Marshall a unguwar Hanwell da ke yammacin Landan da koke guda: ba a jin sa a dandali. Mai gangarsu Keith Moon dukan kawo wuƙa yake yi wa ganguna, John Entwistle mai bes ya riga ya ƙara wa kansa ƙarfi, 'yan kallo kuma ihu suke ba ƙaƙƙautawa. Townshend ya nemi amfilifaya mai wat 100 da akwati ɗaya mai ɗauke da lasifika takwas, kowacce faɗin inci 12. Marshall ya gargaɗe shi cewa masu ɗaukar kaya za su tsine wa wannan akwati, amma ya ƙera masa. Ba a jima ba aka dawo da shi, don ɗaga shi kaɗai wahala ne, balle a hau bene da shi. Sai aka raba shi gida biyu, huɗu-huɗu, aka ɗora wannan kan wancan, amfilifaya a can bisa. Hasumiyar baƙaƙen akwatuna da ta zama alamar kiɗan rock daga ciwon bayan 'yan dako ta fito.

Akasarin tarihin lasifikar jita haka yake. Abin da makaɗan yau ke zama su zaɓa da kunne, su kashe kuɗi a kai, a da magani ne aka nema wa wata matsala: lasifika ta ƙone, ko ƙarfe ya yi tsada, ko zaure ya fi ƙarfin na'ura.

Ita lasifikar ta girmi jitar lantarki. A 1915, a garin Napa na jihar Kaliforniya, Peter Jensen ɗan asalin Danmak da abokin aikinsa Edwin Pridham suka haɗa lasifika mai naɗin waya da ke motsi a cikin maganaɗisu, suka sa mata suna Magnavox. Bayan shekara goma, Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric suka fito da tsarin da har yau ba a rabu da shi ba: koyil ɗin waya a manne da faifan takarda mai siffar mazurari, lantarki ya bi ta koyil, takarda ta tura iska gaba da baya. Jensen ya kafa nasa kamfanin a 1927, daga baya ya tare a Shikago. A Ingila kuma kamfanin Celestion ya soma aiki a 1924 a Hampton Wick. Duka biyun rediyo suke yi wa aiki. Babu wanda ya yi tunanin wani yaro zai zo ya ɗura musu ƙarar jita har takardar ta riƙa kakkarwa.

Shi ya sa lasifikar jita, idan aka auna ta da ma'aunin masu sauraron kiɗa a falo, naƙasasshiya ce. Tana fara aiki ne daga wajen hertz 75, kusa da 82 na tsirkiya mafi kauri a jita, kuma da an wuce 5,000 sai ta yi sanyi, alhali kunnen matashi na iya kaiwa 20,000. Wannan naƙasa kuwa ita ce rufin asirin amfilifaya. Idan aka matsa wa amfilifaya har muryarta ta yi kaushi, tana fitar da wani siririn ƙara mai huda kunne, kamar na ƙudan zuma a cikin gwangwani. Lasifikar takarda ce ke tace shi, ta bar gurnanin da mutane ke so. Duk wanda ya taɓa haɗa jita mai kaushi kai tsaye da lasifikar falo ya san ba ya son maimaitawa.

Wasu makaɗan ma ba su jira amfilifaya ta yi musu kaushin ba. Ana ba da labarin cewa a 1951, a hanyar ƙungiyar Ike Turner ta zuwa situdiyon Sam Phillips a Memfis, amfilifayar Willie Kizart ta samu rauni, aka cusa takarda aka tallafi lasifikar, aka ɗauki "Rocket 88" da ita a haka. Link Wray ya huhhuda tasa da fensir kafin "Rumble" ta fito a 1958. Dave Davies na The Kinks kuwa reza ya sa ya tsaga lasifikar wata 'yar ƙaramar amfilifaya mai suna Elpico, kuma wannan tsagaggiyar takarda ake ji a "You Really Got Me" ta 1964.

A Fullerton ta Kaliforniya, Leo Fender, mai gyaran rediyo da bai iya kaɗa jita ba, neman akasin haka yake yi. Sauti mai tsabta yake so, irin na makaɗan country da ke cinikinsa. Amfilifayoyinsa na shekarun 1950 akwati ɗaya ne da na'ura da lasifika a ciki, na katako mara nauyi, bayansa a buɗe, lasifikokin kuma na Jensen. Bassman da ya fitar a 1952 don sabuwar jitar bes ɗinsa tana da lasifika ɗaya mai inci 15, wadda ta riƙa gazawa. Zuwa 1955 ya maye ta da huɗu masu inci 10. Masu bes ba su gamsu sosai ba, domin akwati mai buɗaɗɗen baya ba ya riƙe kakkauran sauti: lokacin da takarda ke tura iska ta gaba, janye ta take yi ta baya, iskar biyu su zagayo su haɗu su kashe juna. Amma masu jita irin su Buddy Guy suka karɓe ta hannu bibbiyu. Ƙananan takardu huɗu sun fi babba ɗaya saurin amsawa, buɗaɗɗen bayan kuma yana watsa sautin ya cika ɗaki, har mai ganga da ke zaune a baya ya ji.

Dick Dale ne ya tilasta wa Fender rufe bayan akwati. A zauren rawa na Rendezvous da ke Balboa yake wasa gaban dubban matasa, da tsirkiyoyi masu kauri da hannu mai nauyi, kuma ya ƙona lasifikoki bila adadin. Amsar ita ce Showman ta 1960: na'ura daban, akwati daban a rufe, da lasifikar JBL mai inci 15 da aka ƙarfafa, wadda aka sani da D130F, harafin ƙarshe na nufin Fender. Tana da ɗan murfin alminiyam a tsakiya da ke ƙara mata kaifi. Ita ba ta yin kaushi. Abin da aka ba ta shi take mayarwa, da ƙarfi.

A Ingila hanyar ta bambanta, kuma talauci na da hannu a ciki, don bayan Yaƙin Duniya na Biyu kayan Amurka na da wuyar samu da tsada. A Dartford, Tom Jennings da Dick Denney suka fitar da Vox AC15 a 1958, sannan AC30 a shekarar da ta biyo, don The Shadows su samu ƙarfin da zai rinjayi ihun masu kallo. Celestion ta ɗauki G12, lasifikarta ta rediyo, ta ƙarfafa ta yadda za ta jure zafi, aka shafa mata shuɗin fenti. Wat 15 kacal take ɗauka. Biyu a cikin AC30 ke nan suna aiki a bakin iyakarsu duk dare, kuma wannan ƙararrawar sauti mai ɗan tsami da ake ji a faifan farko na The Beatles, da wanda Brian May na Queen ya riƙe tsawon rayuwarsa ta kiɗa, daga nan yake.

Jim Marshall shi makaɗin ganga ne kuma malamin ganga, ba injiniya ba. Da samarin da ke zuwa kantinsa suka dame shi da kukan tsadar Fender, sai shi da Ken Bran da Dudley Craven suka kwaikwayi tsarin wayoyin Bassman kusan ɗaya bayan ɗaya, suka fitar da JTM45 a 1962. To, me ya sa ba ta yi amon Bassman ba? Akwai bambancin wasu kayan ciki, amma babban dalili yana ƙasa, a akwatin. Lasifika biyu masu wat 15 ba su iya jure wa na'urar ba, suna ta ƙonewa, sai aka sa huɗu don su raba nauyin, a akwati rufaffe na filawud. Iskar da ke kulle a ciki ta zama matashi ga takardun, tana hana su lilo da yawa, kakkauran sautin ya matse ya riƙa dukan ƙirji, kuma ya fita gaba sak kamar hasken tocila. Karkacewar da aka yi wa rabin fuskar akwatin na sama, Marshall da kansa ya sha faɗin cewa don kyan gani ya yi ta, saboda ƙaramar na'ura a kan ƙaton akwati mai kusurwa huɗu ba ta yi masa fasali ba. Daga baya aka lura tana jefa sauti sama, zuwa kunnen makaɗin da kujerun baya.

Makaɗin gargajiya ba zai yi mamakin wannan ba. Fata ɗaya, idan aka ɗaura ta a ƙwarya, aka ɗaura irinta a kan icen kalangu, murya biyu za a ji.

Sai maganar maganaɗisu, wadda ta fi kowace jawo gardama. Lasifikokin shekarun 1950 da farkon 1960 da alnico aka yi su, gamin alminiyam da nikel da kobalt da baƙin ƙarfe. Kobalt kuwa mafi yawansa daga yankin Katanga na Kwango yake fitowa, kuma tsada ce da shi. A tsakiyar shekarun 1960 kamfanoni suka koma ga maganaɗisun ferrite mai araha, Celestion ta fitar da G12M mai koren murfi, wadda aka yi wa laƙabi da Greenback, mai ɗaukar wat 20, daga baya 25. Ita ce ta cika akwatunan Marshall a zamanin da Jimi Hendrix ya sauka Landan a 1966. JBL ta riƙe alnico har yaƙin Shaba na 1978 ya taɓa ma'adinan Kolwezi, farashin kobalt ya yi tashin gwauron zabi, ita ma ta sallama. Makaɗa na cewa alnico ya fi taushi idan aka matsa masa, ferrite ya fi tsauri. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma an cika kambama shi. Takardar, da kaurinta, da zoben da aka matsa a jikinta, da gam ɗin da aka shafa a bakinta sun fi maganaɗisu tasiri a kan abin da kunne ke ji. Masu tara tsofaffin Celestion sun san haka, shi ya sa suke leƙa bayan takarda suna neman hatimin kamfanin Pulsonic kafin su yi ciniki.

Daga shekarun 1970 dalilin hasumiyar ya fara gushewa. Lokacin da The Beatles suka yi wasa a filin Shea na New York a 1965 gaban mutum sama da 55,000, amfilifayoyin Vox masu wat 100 suka dogara da su, kuma ihu ya haɗiye kiɗan. Bayan 'yan shekaru manyan na'urorin sauti na dandali suka ƙarfafa, ya zama makirfo ɗaya, galibi Shure SM57, da aka kafa a bakin lasifika ɗaya ya isa ya kai jita ko'ina a fili. Randall Smith na Mesa/Boogie ya bi ta ɗaya gefen, ya cusa na'ura mai ƙarfi da lasifika ɗaya mai inci 12 a ƙaramin akwatin Fender Princeton, Carlos Santana ya karɓa. Electro-Voice ta kawo EVM12L mai ɗaukar wat 200, Celestion kuma a 1986 ta fitar da Vintage 30 mai wat 60, wadda kaifin tsakiyar muryarta ya sa ta mamaye kiɗan metal. Hasumiyar dai ba ta sauka daga dandali ba, sai dai da yawa daga cikin akwatunan da ake jerawa bango guda fanko ne. Geddy Lee na Rush ya yi wa al'adar shaguɓe, ya jera injinan busar da tufafi a inda akwatunansa ya kamata su tsaya, wata shekarar kuma injinan gasa kaji.

Mai zaɓen lasifika a yau da waɗannan tsofaffin lissafai yake aiki, ko ya sani ko bai sani ba. Wat ɗin da aka rubuta a jiki ba ƙarfin murya ba ne, iyakar zafin da koyil zai jure ne. Ƙarfin murya a desibel ake auna shi, kuma lasifika mai 100 idan aka kwatanta da mai 97, tamkar an ninka wat ɗin amfilifaya ne. Akwai kuma om, 4 ko 8 ko 16, da dole ya dace da na amfilifaya mai bawul, wadda kunna ta ba tare da lasifika ba na iya ƙona taransifomarta. Akwati mai lasifika huɗu ya haura kilo 35, don haka mai wasa a ƙananan wurare yakan tsaya a ɗaya ko biyu.

Sunan Jensen ya dawo kasuwa a ƙarshen shekarun 1990, amma a Italiya kamfanin SICA ke ƙera su, yana kwaikwayon tsofaffin na Shikago. Wasu makaɗan kuma sun daina ɗaukar akwati gaba ɗaya. Ana kafa makirfo a gaban tsohon akwati, a aika masa da sautin gwaji, a naɗi yadda ya amsa a ɗan ƙaramin fayil da kwamfuta ko feda za ta ɗora wa jita. Celestion da kanta tana sayar da irin waɗannan fayiloli ta intanet, har da na shuɗiyar nan mai wat 15, kuma mai saye zai zaɓa ko a buɗaɗɗen akwati yake son ta ko a rufaffe.