Tarihin Kan Adireshi da Karkatar da Mai Ziyara a Yanar Gizo

Kowane adireshin yanar gizo yana farawa da gajeriyar kalma da ɗigo biyu ke biyo bayanta, irin su http ko mailto, kuma ita ce kan adireshi, wato abin da ke sanar da burauza hanyar da za ta bi wajen ɗauko abin da ake nema. Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro yanar gizo a cibiyar CERN da ke kusa da Janeba, shi ne ya rubuta ƙa'idar wannan tsari tare da Larry Masinter da Mark McCahill a takardar RFC 1738 ta watan Disamba 1994, inda suka jero kawuna goma, kowanne yana nuni ga wata hanyar jigilar bayanai da aka riga aka yarda da ita.

Karkatarwa kuwa ta samu gindin zama ne a ƙa'idar HTTP/1.0 ta 1996, wadda ta tanadi lamba 301 domin shafin da ya ƙaura har abada da lamba 302 domin ƙaurar ɗan lokaci, sai saba, wato kwamfutar da ke ajiye shafin, ta haɗa lambar da sabon adireshin da burauza za ta nufa. Masu rubuta manhajar saba a wancan zamani sun ɗauka cewa duk inda aka tura mutum shafi ne zai tarar, kuma wannan zato ya bar tabo a cikin manhajar saba ta Apache, domin sashenta na mod_rewrite, wanda Ralf Engelschall ya fara rubutawa a 1996, yana da jerin kawunan da ya sani, idan ya ci karo da baƙon kai sai ya ɗauke shi tamkar sunan fayil na cikin gida ya manna masa sunan shafin a gaba, adireshin ya lalace.

Wannan tabo bai dami kowa sosai ba sai bayan 2008, lokacin da Apple ya buɗe App Store kuma ya bai wa kowace manhajar waya damar zaɓar kanta, Android ma ya yi haka, ta yadda adireshin da ya fara da whatsapp ko tg yake buɗe manhajar kai tsaye. Daga nan ma'anar kan adireshi ta sauya, ya koma sunan da kamfani ya raɗa wa kansa ba tare da neman izinin kowa ba, kuma a nan ne babbar ɓarakar take, saboda manhaja biyu na iya ikirarin kai ɗaya, ta mugun nufi kuwa tana iya tare lambar sirrin da sabar ta turo bayan mutum ya shigar da kalmar sirrinsa.

Gyaran da aka yi a 2015 ya koma ga abin da yake da mai shi tabbatacce, wato sunan yanki na intanet, inda iOS 9 da Android 6 suka bar adireshin https na yau da kullum ya buɗe manhaja, muddin mai shafin ya ajiye wani fayil a sabarsa da ke shaida cewa manhajar tasa ce. A 2017 takardar RFC 8252 ta buƙaci wanda ya nace da kai na musamman wajen shigar da masu amfani ya gina shi daga sunan yankinsa a juye, kamar com.example.app.